Kifin 'Yan Dubiya

Kin ce kunya ce ta hana ki cewa a'a. To gyara zama, 'yar nan, in ba ki misali, don na san inda irin wannan kunyar ke kai mutum.

Wani tela ne, ya shekara arba'in yana taka keke, rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya karkace, maganarsa sai matarsa kaɗai ke ganewa. Mutumin da ya saba da hayaniyar kasuwa ya koma kallon rufin ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske yake karɓa. Ɗansu da ke aiki a birni ya kawo masa ɗan akwatin gilashi na kiwon kifi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ya dasa ciyawar ruwa, mai dogon ganye a baya, gajera a gaba, ya sa ɗan injin da ke hura iska. Ya ce a bar ruwan ya huta mako biyu, sannan ya dawo da kifaye shida, jajaye, ko wanne bai kai ɗan yatsa ba. Da zai tafi ya gaya wa uwar cewa shidan nan su ne iyakar abin da ruwan zai ɗauka. Aka ajiye akwatin a gefen gado. Wallahi sai ga dattijo ya farfaɗo. Ya san kowane kifi da halinsa: mai ɓuya a gindin ciyawa, mai wawason abinci, da wani mai rababbiyar wutsiya da ya sa wa suna Almakashi. Ba ya shan kununsa sai an fara ba su nasu, yana kallo yana dariya da rabin baki.

To kin san mutanenmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Da labari ya bazu cewa mara lafiya kifi yake so, sai aka daina kawo lemo da ayaba. Wannan ya zo da kifi biyu a leda, wancan uku a kwalba, wani maƙwabci har rafi ya je ya kamo ƙananan karfasa. Kuma kowa sai ya tsaya ya ga an juye nasa a gabansa, ya yi addu'a, ya tafi da farin ciki. Matar nan ta tuna maganar ɗanta sarai, ba mantuwa ta yi ba. Amma wa zai mayar da hannun kyauta baya, kyautar dubiya kuwa? Sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta juye. Kafin wata ya ƙare shida sun zama ashirin da wani abu. Karfasa suka cinye ciyawar har gindi, ƙananan jajayen nan suka rasa maɓuya, ruwa ya koma kamar na wankin gero, kifaye suka taru a sama suna buɗe baki. Wata safiya aka iske Almakashi ciki sama. Dattijo ya juyar da kansa wajen bango, kwana biyu ko kunu bai kurɓa ba.

A kwana na uku sai ga babban wansa, mutumin da duk zuri'a ba a musa masa, riƙe da bokiti, tarwaɗa na juyi a ciki. Matar ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta karɓi bokitin, ta ce, “Allah ya saka da alheri, Yaya. Amma wannan kam, tukunya za ta shiga, ba gilashi ba.” Ya ɓata rai, ya ce shekarunsa saba'in ba a taɓa raina masa kyauta ba. Ta ce ba raini ba ne, ƙaninsa ne zai sha romon. Ya tashi bai yi sallama ba, kuma ya yi wata guda bai tako gidan ba. Ita kuwa ta kwashe baƙin kifayen nan kaf ta kai wa wani mai kiwon kifi a bayan gari, ta rage ruwan kaɗan-kaɗan tana sabuntawa, ta sake dasa ciyawa da hannunta. Uku suka rage daga na fari, ta ce ukun sun isa har sai ganye ya tsaya da ƙafarsa. An yi ta gulmarta a unguwa, wai ta zama mai rowar wuri. Ta toshe kunne. Ranar da ruwa ya washe har ana ganin tsakuwa, ta shigo da farfesu ta tarar dattijo ya juyo da kansa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana bin wani kifi da yatsa a jikin gilashi. Ya karɓi kwanon, ya shanye, ya miƙo a ƙara.

Masu kawo kifin nan duk masoya ne, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Amma akwati bai san ƙauna ba, abin da zai iya ɗauka kaɗai ya sani. Shi ya sa Bahaushe ya ce daidai ruwa, daidai tsaki.