Ƙwayar Kuɓewa Goma Sha Ɗaya

Ga misali ga duk wanda yake ganin abin da ya iya a gida zai ishe shi a ko'ina.

Wata mata ce, 'yar manoma daga ƙasar Malumfashi, ta bi mijinta ƙasar Latbiya a Turai inda ya tafi ƙaro ilimi. Cikin kayanta akwai irin kuɓewa da mahaifiyarta ta ƙulle mata a tsumma, gajeriyar kuɓewa mai yauƙi wadda gidansu ke ajiye irinta tun kakanni. Ba ta yi wata huɗu da zuwa ba aka aiko mata da rasuwar mahaifiyar, gonar gidansu kuma magada suka sayar, irin ya bi ruwa. Abin da ke cikin tsumman nan shi kaɗai ya rage. Da dusar ƙanƙara ta narke, sai ta sami ɗan fili cikin lambunan da ke bayan gari. Ranar da ruwan farko ya sauka, ta ji ƙamshin ƙasa, ta yi abin da kowane manomi zai yi a garinsu, ta fita ta yi shuka. Wata tsohuwa mai lambun da ke jikin nata ta leƙo ta saman shinge tana girgiza kai, tana ta zuba magana, tana nuna sama. Matar ta yi mata murmushi ta ci gaba da binne iri. A ranta cewa take, ita da ta tashi da fartanya a hannu, ba a nan za a koya mata shuka ba. Rabin irin ya ruɓe cikin ƙasa mai sanyi. Wanda ya daure ya tsiro kuwa, wata asuba raɓa ta daskare a kansa, kafin hantsi ya yi baƙi ya kwanta. Ta koma gida ta kakkaɓe tsumman a kan faranti, ƙwaya goma sha ɗaya ta faɗo.

Nan ta gane cewa a gida ruwa ake jira, a nan kuwa ruwa ba ya yankewa, wani abu dabam ake jira, kuma sanin sa yana bakin tsohuwar nan. Ga shi tsohuwar ba ta jin Turanci. Da mijin ya kawo waya don ta yi musu tafinta, tsohuwar ta sa hannu ta ture, ta nuna ita da mutum take magana. Sai matar ta ɗauko littafin da aka ba ta a ajin koyon harshe, mai Turanci a hagu, harshen Latbiya a dama. Ta buɗe shafin kalmomin tsiro da girma, wanda dā ta tsallake don tana ganin ba ta bukatarsa, ta ja layi na uku da fensir ta rubuta Hausa. Iri shi ne sēkla, saiwa sakne, girma augt. Ta hana kanta sake shuka a wannan shekarar baki ɗaya, ko da yake hannunta na mata ƙaiƙayi. Kullum da safe takan ɗauki kalma biyar ta kai bakin shinge, ta faɗe su a karkace, tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta gyara mata. Ranar da tumatirin tsohuwar ya yi toho, ranar ta riƙe kalmar toho. Haka fure, haka ƙosawa, haka nuna. Kafin kaka ta iya haɗa tambaya, ta kuma iya ɗaukar amsa. A nan ta ji sunan abin da ya kashe mata shuka, salna, sanyin asuba mai daskarar da raɓa. Tsohuwar ta nuna mata wata bishiya mai farin fure a bakin rafi, ta ce muddin furen nan bai zube ba, sanyin bai gama tafiya ba, ko rana ta kai ina zafi.

Da shekara ta zagayo, ruwan farko ya sauka, matar ta tsaya a taga tana kallonsa ba ta motsa ba. Ta sa ƙwayoyin ɗaya-ɗaya cikin kofuna, ta jera su a bakin taga inda ɗaki ke da ɗumi. Tara suka tsiro. Ta yi ta zuwa bakin rafi tana duba bishiyar, sai da furen ya zube tas sannan ta kwashi bakwai da suka yi ƙarfi ta dasa a wata rumfar leda mai riƙe ɗumi da tsohuwar ke da ita, a gefen da ta ware mata. Bayan mako biyu tsohuwar ta sunkuya ta taɓa sabon ganye ta ce, "Aug." Matar ba ta nemi littafi ba. Ta san an ce yana girma.

Kuɓewa ta yi fure, ta zuba 'ya'ya har tana rinjayar kara. Matar ta kaɗa miya ta kai wa tsohuwar, wadda ta ɗaga cokali ta ga yauƙi ya biyo shi ya ƙi tsinkewa, ta yi ta kokawa da shi tana dariya, ta kuma miƙo kwano a ƙara. Manyan 'ya'yan kuwa matar ta bar su suka bushe a kan kara, ta fasa, iri ya cika kwalba har baki. Ta raba shi uku: kashi ɗaya nata, ɗaya na tsohuwar, ɗaya kuma ta ba wani mai zuwa gida ya kai wa yayanta a Malumfashi, ya shuka da ruwan farko yadda aka saba a can.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.