Anguryar Lantana

Tun da sabon irin auduga ya iso Funtuwa, angurya ba ta tsiro wa kowa sai wanda ya jiƙa ta da hannunsa. Ta Malam Barau kuwa matarsa Lantana ce ta jiƙa, ta rasu kafin ruwan shuka.

"Baba, sai haƙuri," in ji malamin gona. "Hannunta irin ya sani. Bana ba ka da auduga."

"Ni ma hannunta na sani, ga ni ina numfashi," Barau ya ce.

Ya shuka abinsa. Kwana uku gona ta yi kore shar. Barau ya tsaya riƙe da baki. Rana tana gabas, amma kowane tsiro ya karkata arewa, wajen maƙabarta.