Amsar Da Ke Ba Mai Yankan Rake Hutu

"Don Evaristo, kana jin ciwon bayan nan ba zai taɓa ƙarewa ba? Kullum, ko sam?"

Ni ke karanta wa masu yankan rake tambayoyin auna fargabar ciwo a asibitin kamfani. Tsohon da ake kira Don Evaristo ya murza hularsa.

"Ke Yolanda, wace amsa ce ke sa likita ya ba mutum hutu?"

Babu ita. In makinka ya yi yawa, likita ya ce ciwon a kanka yake, koma gona. In ya yi kaɗan, ya ce garau kake, koma gona.

"Faɗi gaskiya kawai."

Ya yi dariya. "Haka kika ce wa marigayi yayanki bara."

Na juya shafin tambayoyin.

"Tambaya ta gaba, Baba."