Foldar Injiniya

Injiniya ya buɗe foldar ayyukansa a kwamfuta a karo na ba adadi, ya same ta wayam kamar yadda ya bar ta. Ya daki teburin aiki da hannu har garin katako ya tashi.

Ba injiniya ba ne tukuna. Mahaifinsa, tsohon kafinta, shi ya laƙaba masa sunan don tsokana tun yana ƙarami yana zane a jikin falankan mutane. Yanzu ya gama karatun zanen gine-gine, wani kamfani a can nesa ya ce ya turo duk ayyukansa kafin gobe da safe, in sun yi musu, aikin nasa ne. Ayyukan nan kuwa, wahalar shekaru, suna ajiye a ma'ajiyar intanet da ake kira kilawud, wuri ɗaya da hotunan gadaje da kujerun shago. Yau an wayi gari hotunan gadaje suna nan ras, zanensa babu ko ɗaya.

Baba Kafinta tun safe yake cika yana batsewa. Dama kwanakin nan abu kaɗan ke tunzura shi, yau kuwa ko zarto da ya ƙi ci sai da ya sha zagi.

"Ai na faɗa! Mutum ya kai dukiyarsa ɗakin da ba shi da ƙofa, ba shi da kwaɗo, ya ce ya yi ajiya!"

Injiniya ya shiga lissafin masu shiga ma'ajiyar: shi, da ƙanwarsa Auta, da babbar wayar shago da ake nuna wa masu saye hotuna. Wayar nan kuwa mai yi musu fenti a shagon ya fi kowa taɓa ta, da yatsunsa masu danƙo. Nan take Injiniya ya yi kan mutumin, yana faɗa kamar zai cinye shi ɗanye. Bawan Allah ya tsaya da buroshi a hannu yana rantsuwa, fenti na ɗiga a kan takalminsa.

Baba ya daka wa ɗansa tsawa. "Rabu da shi! Ba shi ba ne. Mutumin da ya goya ka za ka tsare da ido haka?"

Injiniya ya koma ya zauna a kan wani benci da ba a gama ba. Hawaye suka zubo masa, ya ji haushin kansa da ya bari aka gani. Baba ya juya baya ya kama goge wata ƙofa da ta riga ta yi sumul, yana gurzar ta kamar ita ta yi laifin.

Da la'asar Auta ta iso daga ofis, ko jaka ba ta ajiye ba ta karɓi kwamfutar yayanta. Ta danna nan, ta danna can, sai ta kwashe da dariya.

"Haba Yaya, duk karatun naka? Ba ka leƙa kwandon shara ba? Abin da aka goge can yake fara zama, ba ya tafiya kai tsaye."

Ga su nan kuwa reras: asibitin da ya zana, da makarantar, da gidan nan mai bene. Ta danna ta mayar da su mazauninsu. Injiniya ya yi sujada a kan garin katako, ya tashi da goshi fari fat, ya je ya ba mai fenti haƙuri har da riƙe masa hannu.

Baba bai yi dariya ba. Ya matso ya leƙa ta kafaɗar Auta, fuska a murtuke.

"To wannan wace irin sakarar ajiya ce? A zubar da abu kuma ya dawo?"

"Sai in an bi shi cikin kwandon an sake gogewa, Baba. Wannan kam ko masu kamfanin sai dai su ba ka haƙuri."

Injiniya ya ce ba za a sake yi masa haka ba. Ya canza lambar sirri, ya fitar da tsohuwar wayarsa daga ma'ajiyar, ya fitar da Auta tana harararsa. Wayar shago kaɗai ya bari, ya danƙa wa mahaifinsa a hannu, ya ce daga yau kada kowa ya taɓa ta sai shi. Zai raka Auta bakin titi, in ya dawo ya tura wa kamfanin komai.

Shagon ya yi tsit. Baba ya dubi injin yankan katakon da ya saya bara don wanda zai gaje shi, ya dubi allon ƙofa inda ya sa aka ƙara "da Ɗansa". Ransa ya ƙara ɓaci. Ya goge babban yatsansa a jikin riga, ya buɗe wayar, ya nemo foldar ba tare da lalube ba, ya yi mata abin da ya yi mata jiya, amma wannan karon sai da ya bi ta har cikin kwandon shara.