Jan Zaren Sallau

Tun da aka kawo na'urar rabon aiki barikin, kuratan soja suka daina kamun ƙafa. Kana ɗora tafin hannunka a kanta, sai ta ɗaura maka zare: kore na masu zama a bariki, ja na masu tafiya bakin daga. An ce dokar tausayi ce. Wanda mutuwarsa za ta sa mutane da yawa kuka, shi ake bari a baya.

Ranar rabo Sallau ya fito da jan zare, amininsa Tanimu da kore, aka ba shi ɗakin girki. Suka zauna a inuwar tankin ruwa, wayar Tanimu sai ƙara take yi. Uwarsa, ƙannensa, har maƙwabta, kowa na hamdala. Sallau yana ta juya tasa wayar a hannu, ko motsi ba ta yi ba. Ba harsashi ya dame shi ba, muryoyin nan yake so a ce nasa ne.

"Kai ka more," in ji Tanimu. "Za ka dawo da anini a kafaɗa, ni ina nan ina yanka albasa."

Sallau ya mayar da wayarsa aljihu.

Tanimu ya dafa shi. "Haba abokina! Wallahi in wani abu ya same ka, ni zan fi kowa kuka."

Sallau ya janye kafaɗarsa a hankali.

"Da haka ne, Tanimu, da na'urar ta ƙirga da kai."