Tsinken Azurfa a Zauren Surukai

An yi wani zamani a wani gari da ake yayin tsinken sakace na azurfa. Duk namijin da ya isa sai ka gan shi da nasa rataye a wuya, cikin ɗan kube na jar fata mai tuntu. Wani marini ma ya sa maƙerin farfaru ya ƙera masa nasa, da zane tun daga kai har gindi, da ɗan kan zakara a maɗauki. Ya so tsinken nan kamar ransa. Kullum sai ya goge shi da toka, ya ɗaga shi a rana ya ga ƙyalli, ya mayar cikin kube. Amma bai taɓa yarda ya kai shi baki ba, wai kada tsininsa ya lanƙwashe. In ya ci nama a gida, sai ya karyo tsinken tsintsiya ya yi sakacensa a bayan ɗaki.

Ana nan sai ƙanensa ya ga yarinya a wani ƙauye, ita ma ta gan shi, aka wakilta marinin ya je neman aure. A ƙauyen kuwa baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ci abinci, in ya ci kuma ya yi shiru, to bai gamsu da gidan ba ke nan. Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, aka kawo dambun nama mai yaji da man shanu. Marini ya ci ya ƙoshi. Zai buɗe baki ke nan sai ya ji wani dogon zaren nama ya maƙale a tsakiyar wushiryarsa, yana reto. Sa yatsa a baki gaban surukai abin kunya ne. Zaure an share shi tas, ko ɗan haki babu, tabarmar mutane kuma ba zai zare mata kaba ba. Sai ya rufe baki yana ta tura harshe, kumatu na motsi, fuska na yamutsewa. Iyayen yarinya suka dubi juna. Baffanta ya jawo ƙwaryar goron da aka tanada don sa albarka, ya mayar da faifai ya rufe. Marini ya ga auren ƙanensa na neman sulluɓewa, ga tsinke kuma na lilo a ƙirjinsa.

Can gefe akwai kakan yarinyar, tsoho ne da bakinsa ya zama fili. Ya daɗe yana kallon kumatun nan, sai ya ce, "Ɗana, na wuyan naka laya ce ko tsinke? In ba ka da aikin ba shi, ara mini, ko da yake ni haƙoran nawa sun riga ni tafiya."

Zaure ya kece da dariya. Marini ya zaro tsinkensa, ya kare baki da hannun riga, ya fitar da zaren naman a karo guda. Ya yi hamdala, ya yabi dambu, ya yabi gida, ya faɗi abin da ya kawo shi da wushirya a waje. Baffa ya buɗe goro, aka yi fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Tsinin tsinken ya ɗan lanƙwashe kamar yadda ya ji tsoro, bai kuwa taɓa kai shi a miƙe masa ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya nuna masa lanƙwasar ya ce nan ne aka ɗaura auren ƙanensa.

Abin da ka adana don wata rana, in ranar ta zo ka fito da shi. Masu iya magana sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.