Malamin da Ya Auna Tsoron Mutum Ɗari Shida

A ƙasar Amurka, zamanin da ilimin halayyar ɗan Adam yake rarrafe, an yi wani malamin jami'a da ya ƙera na'urar auna tsoro. Yakan ɗaura wa mutum ita a wuyan hannu, ya buga ƙararrawa ba zato, allura ta riƙa zana bugun zuciyar a kan takarda. Mutum ɗari shida ya auna haka. Amma shi kansa tsoro ne ke cinsa, domin manyan jami'ar sun ɗauki aikin nasa wasan yara, har sun sa masa ranar da zai zo ya kare shi, in ya kasa su rufe ɗakin binciken. Ya rame. Kullum da safe yakan tambayi matarsa yadda ta kwana, idonsa na kan takardu, ta ce lafiya lau, ya ɗauki hula ya fice. Alhali likita ya riga ya gaya mata ciwon huhu ya kama ta, ta ɓoye don kada ta ƙara masa nauyi.

Ranar zaman, ya fito rungume da akwatin na'urar, sai maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai wankau wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, yaushe rabonka da duban fuskar matarka?" Ya duba agogo, saura rabin sa'a. Ya yi taku biyu zuwa titi, sai ya tsaya. Ya koma ciki, ya sami matarsa dafe da bango tana mai da numfashi, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Bai tambaye ta komai ba. Ita ce ta buɗe hannu, ya ga ƙyallen da take tari a ciki duk jini. Manyan jami'ar suka gaji da jira, suka rufe ɗakin binciken. Shi kuwa ya ɗauke ta zuwa wani gari mai busasshiyar iska a kan tsaunuka, ya kama koyarwa a ƙaramar makaranta. Shekara uku ta ƙara a duniya, har ya mutu yana tambayar kansa nawa za ta ƙara da ya ɗaga kai tun farko.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suke cewa, labarin zuciya a tambayi fuska.